Jinjinar Yaya a Bakin Iyaka

Yayana bai taɓa dukan kowa ba. Da wannan nake farawa, domin tun da abin ya faru, duk wanda ya zo mana gaisuwa, in ya gama addu'a ya shafa, sai ya rage murya ya tambaya ko dama yana duka. Ba ya duka. Akuya ma in ta sa baki a tuwonsa, matsa mata kwanon yake yi.

Mu masunta ne. Gidanmu na bakin Kwara, in ka tashi da sassafe kafin hantsi kana kasuwar Lolo. Baba na su, Inna na banda kifi, ni kuma da yake an ɗauke ni makarantar 'yan mata a birni na yi shekaruna na dawo, ina koya wa 'yan aji ɗaya baƙaƙe. Ciwon ya sami Yaya ina can makaranta. Na tafi na bar saurayi mai tuƙa jirgi yana waƙa, na dawo hutu na tarar da shi zaune a kan tudu yana yi wa kogi faɗa. Inna ta ce iskar ruwa ce. Baba ya ce hannu aka sa masa. Malamin asibiti ya ce ƙwaƙwalwa ce, ya ba da ƙwayoyi farare, Yaya ya karɓa da godiya ya je ya watsa wa kifi. An yi turare, an sha rubutu, an kai shi wurin wani mai magani a Kaoje. Ya dawo yadda ya tafi, sai dai babu gashi a kansa.

Shekarar da aka ce Turawa za su tafi, na Faransi a ƙetare da na Ingila a nan, Yaya ya sami aiki. Shi ya ba kansa. Ya ce tunda waɗanda suka ja iyakar za su koma gida, dole wani ya tsaya ya kula da ita kada ta ɓace. Ba a yi masa gardama sosai ba, don iyakar tamu abin tausayi ce. Tsamiya ce guda, da wani dutse da aka shafa wa farar ƙasa, da rumfa biyu suna kallon juna, ɗaya ta mutanenmu, ɗaya ta jandarman Dahome. Ƙanwar Inna tana aure a wancan gefen, kajinta kuma a wannan gefen suke kiwo.

Duk ranar kasuwa Yaya zai yi wanka, ya sa tsohuwar rigar Baba, ya ɗauki mashin kifi, ya tafi gindin tsamiya ya tsaya. Ba ya tare kowa, ba ya tambayar kowa kayansa. Abu ɗaya yake yi. In ya hangi mai kaki, sai ya ɗaga mashin sama ya girgiza, ya buɗe murya: "Ranka shi daɗe!" Jinjina ce irin wadda kowa ke yi wa manya, sai dai tasa da mashi. Kuma hannun ba ya sauka sai an ce masa, "An gaishe ka." In ba a ce ba, a ganinsa ba a ji ba ne, sai ya matso ya ƙara murya. In har yanzu ba a ce ba, ya ƙara matsowa.

Kowa ya san wannan. 'Yan dokan garinmu masu kulki ba sa ma ɗago kai daga goronsu, su ce an gaishe ka, ya sauke mashi ya koma gindin tsamiya. Masinja ya sani, mai allurar shanu ya sani. Duba-gari ne kaɗai ya sha wuya a zuwansa na farko, sai daga cikin rumbun wani aka zaro shi. Akwai wani dogon jandarma a ƙetare wanda duk Hausarsa a duniya ita ce an gaishe ka, har in zai sayi goro da ita yake tayi.

Amma sai daga bakin mai kaki. Na taɓa gwadawa, ranar da ya tsare wani baƙon malamin gona. Na ce, "Yaya, an gaishe ka." Bai ko juyo ba ya ce, "Ke a wa? Ina kakinki?"

Haka muka yi shekaru. Aka sauke tuta aka ɗaga tuta, aka raba wa yaran makarantarmu kofunan bikin 'yancin kai, Yaya na gindin tsamiya.

Bana bayan damina aka fara cewa ana rikici a ƙetare, kuma 'yan fasa-ƙwauri sun yi yawa. Sai ga babbar mota ta sauke 'yan sanda daga nesa, masu bindiga. Aka mayar da 'yan dokanmu cikin kasuwa wajen rabon faɗan mahauta, baƙin suka karɓi rumfa. Hausarsu ta bariki ce, ta sayen abinci da ba da umarni. Ranar da labarin ya iso gida Inna ta bar kifi a kan wuta har ya ƙone.

Kawu, ƙanen Inna, ya zo aka zauna a tsakar gida.

"A sa mishi mari ga ƙahwa," in ji Kawu. "Ran kasuwa kaɗai. Wagga bindiga ba kulki ba ce."

"Ɗana ba biri ba ne," in ji Inna.

"To a ɓoye mashin."

Aka ɓoye mashin. Yaya ya duba bai gani ba, ya ɗauki gatari ya nufi ƙofa. Baba ya bi shi da gudu ya ba shi mashinsa.

Mako na gaba aka gwada igiya. Baba da kansa ya ɗaura ta a ƙafarsa da turken rumfa, yana ɗaurawa yana ba shi haƙuri. Yaya bai yi kokawa ba. Ya zauna yana kallon igiyar, hawaye na zuba, yana cewa iyaka na can ita kaɗai. Bai ci ba, bai sha ba, har washegari. Inna ta ɗauko wuƙar gyaran kifi ta yanke igiyar, ba ta nemi shawarar kowa ba.

Sai Baba ya dube ni ya ce, "Ke da anka kai makaranta, tahi ki hwaɗa musu da harshensu."

Na sa zanen da nake zuwa aji da shi, Kawu ya raka ni. Shugabansu Saje ne, wani mai ƙiba, yana zaune a kan akwatin katako yana fifita da hularsa. Na yi masa bayani da Turanci, a hankali, yadda aka koya mana. Ya saurara, ya tambaya ko mutumin ya taɓa sukan wani. Na ce kifi kawai. Ya yi dariya har akwatin na kuka.

"An gashe ka," ya gwada.

Kawu ya ce, "A'a, ranka shi daɗe, gashi na tsire ne. Gaishe."

"An gai-she ka."

"Madalla. Ka zama ɗan gari."

Ya ce mu kwantar da hankalinmu, zai gaya wa yaransa duka. Kuma ya gaya musu. Wannan ina so a rubuta shi daidai, ya gaya musu. Kasuwa ta ci, Yaya ya je, ya ɗaga mashi, Saje ya miƙe tsaye ya amsa masa har da buga ƙafa. Yaya ya dawo gida yana cewa a ƙarshe gwamnati ta aiko mutanen kirki. Daga baya ma yaran Saje suka mai da abin wasa, sukan ja masa rai su ga iya inda zai matso kafin su amsa. Ban so wannan ba, amma suna amsawa. Inna ta koma cin abinci.

Ranar da abin ya faru babu makaranta, ina taya Inna a rumfar kifi. Daga rumfar ana hango kan tsamiya amma ba a ganin gindinta. Abin da ba mu sani ba shi ne zazzaɓi ya kwantar da Saje an tafi da shi Bagudo, kuma motar da ta tafi da shi ta sauke sababbi biyu ta kwashe na da. Babu wanda ya tuna ya gaya wa sababbin komai. An dai nuna musu rumfa da randar ruwa.

Muka ji, "Ranka shi daɗe!" Babu wanda ya juya. Kamar carar zakara ce, an saba. Wata Bafulatana na tayin kifi tana cewa ya bushe da yawa, Inna na cewa to ki tafi kogi ki kamo ɗanye.

Muka ji na biyu, ya fi ƙarfi. Inna ta ci gaba da ƙulla kifi a ganye.

Da muka ji na uku, hannunta ya tsaya. Ta dube ni. Na tashi na zuba da gudu, na bar takalmi ɗaya a wurin masu albasa.

Ɗan sandan yaro ne, ko gemu bai fara ba. Yana tsaye a bakin rumfa da bindiga a kafaɗa, yana ihu, "Tsaya! Ajiye! Ajiye shi!" Ɗayan yana bayansa yana ta kokawa da tasa bindigar. Yaya na tsakiyar fili da mashi a sama, fuskarsa a sake, irin ta mai gaida babba. Da aka ce tsaya ya tsaya. Ya jira. Bai ji abin da yake jira ba, sai ya ƙara taku.

Mutanen kasuwa sun riga ni isa, kuma kowa na son ya taimaka. Mahauta sun taho da wuƙaƙensu a hannu don ba su tsaya ajiyewa ba. Masu jakai, masu tallan fura, 'yan Dendi daga ƙetare, Fulani da sandunansu. Kowa na yi wa yaron ihu: "Ce mishi an gaishe ka! Ce an gaishe ka!" Wasu da Hausa, wasu da Dendi, wasu da Fulatanci, duk a lokaci guda, suna nuna shi da hannu, suna matsowa don ya ji da kyau. Na sha tunanin abin da yaron ya gani daga inda yake tsaye. Mutum da mashi a gaba, gari guda a bayansa da wuƙaƙe da sanduna suna ihu suna matsowa.

Dogon jandarman nan ya fito daga rumfarsu ya tsaya a kan farin dutse ya kwarma, "An gaishe ka! An gaishe ka!" Yaya ya waiwaya ya ce masa, "Kai mun gaisa tun da sahe." Ya juya ga yaron.

Wani tsohon ɗan doka na tahowa daga wajen mahauta, yana gudu irin na mai ciwon gwiwa, yana faɗin kalmar tun daga nesa. Hayaniya ta cinye muryarsa.

Ni kuma na kutsa har gaba. Na buɗe baki in yi Turanci. Duk shekarun da na yi a makaranta, abin da ya zo bakina shi ne jimlar da muke faɗi in muna neman izinin fita bayan gida. Ita na faɗa. Na faɗe ta da ƙarfi, sau biyu.

"Ranka shi daɗe!" in ji Yaya.

Ƙarar ba ta kai yadda nake zato ba. Kamar an saki faifan katako a kan dutse. Tsuntsaye suka tashi daga tsamiya. Yaya ya zauna a ƙasa, a hankali, kamar wanda ya gaji da tsayuwa, mashin ya faɗi gefe. Kasuwa ta yi tsit, har ana jin kukan jaki daga can ƙarshe.

Na durƙusa na riƙe shi. Rigar Baba ta jiƙe daga ƙirji. Ya dube ni, ya gane ni, ya ce, "Wanga bai da tarbiyya." Sai ya ce yana jin ƙishirwa. Wata mai fura ta miƙo ludayi, bai iya haɗiya ba. Inna ta iso, ta ture ni, ta ɗora kansa a cinyarta tana kiran sunan da take kiransa da shi yana yaro. Aka kawo asabari aka ɗauke shi za a kai jirgi. Kafin a isa bakin ruwa ya cika.

Yaron da ya harbe shi yana bayan rumfa yana amai. Tsohon ɗan dokan ne ya karɓe bindigar daga hannunsa, ya tsaya tsakaninsa da mahauta.

An binne Yaya kafin la'asar. Ƙanwar Inna ta ƙetaro da mijinta, babu wanda ya tambaye su takarda.

Bayan addu'ar bakwai aka aiko cewa babban jami'i ya zo daga birni zai ji ba'asi, Baba ya zo, ni kuma in zo in yi masa tafinta. Aka sa tebur a cikin rumfar. Mashin na jingine a kusurwa an ɗaura masa wani zare. Jami'in mutum ne mai ladabi, ya yi wa Baba ta'aziyya, ya sa aka kawo masa kujera. Baba ya zauna a ƙasa kusa da kujerar. Saje ma yana nan, ya rame, bai yarda mun haɗa ido ba.

Jami'in ya tambaya me mamacin yake yi da mashi a sama.

Baba ya ce, "Jinjina."

Na juya kalmar zuwa Turanci. Na ba su wadda sojoji ke amfani da ita in sun sara wa babba. Wani kofur da ke tafinta ta ɓangarensu ya ce a'a, shi a iya saninsa kalmar tana nufin girgiza makami a gaban mutum. Jami'in ya tambaye ni ko haka ne. Na ce ana girgizawa. Ya ce makami? Na ce in akwai shi a hannu, in babu, hannu kawai. Ya ce a gaban mutum? Na ce to a bayansa za a gaishe shi?

Sai jami'in ya ce in nuna masa.

Na miƙe. Na dunƙule hannun dama na ɗaga sama na girgiza. Mace ba ta yin haka, ban taɓa yi ba. Ɗan sandan da ke gadin ƙofa ya ja da baya, ya kai hannu ga bindigarsa. Kowa ya gani. Jami'in ma ya gani, ya dubi ɗan sandan, ya dube ni, ya sunkuyar da kai yana gyara alƙalaminsa. Na tsaya da hannu a sama ban san ko an gama da ni ba, sai da Baba ya ja bakin zanena na zauna.

Aka kira yaron. Ya faɗi abin da ya gani, kuma bai yi ƙarya ba. Ya ce ya ce tsaya, ya ce ajiye. Ya ce mutane da yawa suna ihu bai san me suke cewa ba. Aka tambayi Saje ko ya bar wa sababbin saƙo. Ya ce ranar ko sunan kansa bai sani ba saboda zazzaɓi. Wannan ma gaskiya ne, malamin asibiti ya shaida.

Da za a tashi yaron ya matso kusa da ni, ya tambaye ni da Turanci a hankali, me mutumin yake ta faɗi. Na gaya masa. Na ce addu'a yake yi maka Allah ya ja kwananka. Ya tsaya yana kallona, bakinsa a buɗe, har kofur ya ja shi waje.

Jami'in ya ce abin baƙin ciki ne ƙwarai. Ya ce daga yau duk mai taɓin hankali a tsare shi a gida ranar kasuwa, don lafiyarsa. Ya ce in gaya wa Baba ya yi haƙuri. Na gaya masa. Baba ya ce to, ya gode, amma yana roƙon a ba shi mashinsa, don ruwa ya fara ja baya kuma lokacin manyan kifi ne. Aka ce mashin shaida ne, zai tafi birni.

Muka kamo hanya, Baba a gaba ni a baya. Da muka wuce gonakin shinkafa ya ce in daina jan ƙafa.

Inna na zaune a bakin murhu babu wuta.

"Mi sunka ce?"

"Sun ce a yi haƙuri."

"Shi ke nan?"

"Sun ce a riƙa tsare masu ciwo a gida."

Ta ce, "To. Ai mu mun tsare namu."

An mayar da yaron da ya yi harbin wani gari. Na ji maƙerin Kende ya sami aikin mari daga gidaje da dama, har yana cewa a yi masa uzuri sai wani mako. Akwai wata tsohuwa da ke yawo a kasuwa tana tsintar ɓawon gyaɗa tana yi masa waƙa, ban ƙara ganinta ba.

Na koma aji. Alli na karyewa a hannuna, yara na tsinta suna miƙo mini. In wani ya saki murfin tebur sai in tsinci kaina a tsugune, su kuma suna ɗauka wani sabon wasa ne, duk su tsuguna. Ranar kasuwa ina bin ta gonaki in zagaya ta bayan masu tukwane, hanyar ta fi tsawo kuma akwai laka, amma ba ta bi ta gaban rumfa. Shekaranjiya masinja ya shigo makaranta da kakinsa ya yi sallama, na kasa amsawa, sai hedimasta ne ya fito ya karɓi saƙon. Da ya tafi hedimasta ya ce ko in ɗauki hutu. Na ce a'a. A gida Inna ce, ita kuma ba ta magana, gara nan akwai surutu.